Amfilifayar Jita: Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Ta da Kula da Ita

Gaggawa ta kashe amfilifayoyi, wato na'urorin ƙara ƙarfin sautin jita, fiye da yadda tsufa ya kashe. Mutum ya ƙagu ya ji sauti, ya cusa waya a ramin da ba nata ba, ya kunna, sai wari ya tashi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kaɗa jita suka fi yi, sabon shiga da tsohon hannu, kuma amsar da yawa daga cikinsu tana rubuce ne a bayan akwatin, inda ba kowa ke leƙawa ba.

Wace iri ce tawa, kuma me ya sa sai na sani?

Saboda abin da wata za ta jure, wata ba za ta jure ba. Akwai mai bawul, wato waɗannan ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan fitila da za ka hango suna haske ja-ja a ciki. Tana da nauyi domin tana ɗauke da taransifoma biyu, tana zafi, kuma ita ce mai yawan sharuɗɗa. Akwai mai taransista, wadda ba ta da laulayi sosai. Roland JC-120 da ta fito a 1975 misali ce, har yau ana ƙera ta. Sai ta dijital, wadda ke kwaikwayon sautin sauran ta hanyar manhaja, kuma a wajen kulawa hukuncinta ɗaya da mai taransista.

Ta fuskar gini kuma iri biyu ne. Ko dai kombo, inda injin da sifika ke cikin akwati guda, ko kuma injin daban, wanda ake kira kai, akwatin sifika daban, da kanka za ka haɗa su da waya. Mai kombo an riga an yi masa rabin aiki. Mai kai da akwati shi ne ya kamata ya karanta wannan shafin sau biyu.

Da me zan fara wajen haɗawa?

Mayar da ƙarar amfilifayar zuwa sifili tana kashe. Idan kai da akwati ne, wayar sifika ce farko, kafin ma ka nemi soket. Sannan ka sa waya a jikin jitar, ka zagaya da ita ta bayan maratayinta don kada ƙafarka ta fizge ta, ka kai ɗaya bakin ramin da aka rubuta wa Input. Feda, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya sauti, da duk wani abin da ke tsakani a kunna su tukuna. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce kuma ta farkon kashewa. Dalilin shi ne wannan "ɗum" da kake ji idan an zare waya ko an kunna feda alhali ƙara tana sama: sifika ce ke shan dukan.

Wasu amfilifayoyin suna da ramin shiga biyu, ɗaya High ɗaya Low. Na biyun yana rage ƙarfin siginar, an yi shi ne don jitar da ke fitar da sigina mai ƙarfi. Idan ba ka da tabbas, fara da na farko.

Wayar jita da wayar sifika ai baki ɗaya gare su. Ba zan iya musanya su ba?

A'a. Bakinsu ne kawai ɗaya, wato jak mai kaurin milimita 6.35, amma cikinsu ya sha bamban. Wayar jita siririn zare ne guda a tsakiya, an lulluɓe shi da saƙar tagulla da ke kare 'yar ƙaramar siginar daga hayaniyar wutar da ke kewaye. Wayar sifika kuwa zare biyu ne masu kauri, ba lulluɓi, an yi su don ɗaukar wuta mai yawa. Ka sa ta sifika a jita, ƙugi zai cika ɗaki, amma ba abin da zai lalace. Ka sa ta jita tsakanin kai da akwati, siririn zaren nan zai yi zafi, yana iya narkewa ya yanke ko ya haɗe, kuma a amfilifaya mai bawul ƙarshen wannan labarin taransifoma ce. Yawanci an rubuta nau'in a jikin robar. Idan rubutun ya goge, kwance murfin jak ɗin ka duba, sannan ka naɗa wa ta sifika tef mai launi don kada ka sake ruɗewa cikin duhu.

Tsawo ma yana da tasiri. Wayar jita idan ta wuce kamar mita 6 takan fara cinye siririn sauti, sai ka ji jitar ta dushe.

Menene waɗannan lambobi 4, 8 da 16 da ke baya?

Om ne, ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke tura mata. Ƙaramar lamba tana nufin sifikar na jan wuta da yawa, babba tana nufin tana ja kaɗan.

A mai bawul, ka'idar ita ce daidaito: akwati mai om 8 a ramin 8, mai 16 a ramin 16, ko kuma ka murɗa mazaɓin da ke baya zuwa lambar akwatin. Za ka ji masu cewa sun shekara suna saɓawa ba abin da ya faru. Gaskiya ne wasu taransifomomin suna da haƙuri, amma ba ka san taka tana cikinsu ba sai ranar da ta gaza, kuma tana cikin sassa mafi wahalar sauyawa a duk injin. A mai taransista ka'idar ta fi sauƙi. Za ka ga an rubuta mafi ƙarancin abin da take ɗauka, sau da yawa om 4. Kada ka sauka ƙasa da shi. Hawa sama ba laifi, ƙarfi ne kawai zai ɗan ragu.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wajen haɗa akwati biyu. Ramukan sifika biyu da ke bayan yawancin amfilifayoyi haɗin kafaɗa da kafaɗa ne, kuma a irin wannan haɗi lambar raguwa take yi. Akwati biyu masu om 16 sun zama 8. Biyu masu om 8 sun zama 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, wanda kusan babu amfilifayar jita da ke so. A haɗin jere, inda wuta ke fita daga wannan sifika ta shiga waccan, lambobin tarawa ake yi: 8 da 8 sun zama 16. Idan ka sami akwatin da ba rubutu a jikinsa, auna shi da mitar gwajin lantarki. Kada ka yi mamaki idan ba ta nuna lambar cif ba. Sifika mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7, mai 16 kuma wajen 12 zuwa 14.

Ka kuma duba wat ɗin akwatin, kada ya gaza na amfilifayar. Sifika biyu masu om ɗaya raba wuta suke yi daidai, saboda haka idan ɗaya mai wat 25 ce ɗaya mai 60, abin da akwatin zai ɗauka 50 ne, ninki biyu na mai rauni.

Na kunna kai ba tare da sifika ba na ɗan lokaci. Na ɓata shi?

Idan mai taransista ne, kusan tabbas lafiya lau. Idan mai bawul ne, ya danganta da ko ka kaɗa. Taransifomar fita tana tara ƙarfi don ta miƙa wa sifika. Idan ba ta sami mai karɓa ba, ƙarfin yakan koma baya da bolt mai yawan gaske, ya huda rufin zaren da ke cikinta ko ya yi tartsatsi a mazaunin bawul. 'Yan daƙiƙoƙi cikin shiru da wuya su yi illa. Kaɗawa da ƙarfi kana mamakin rashin sauti, kana ƙara murɗa ƙara, wannan ne ke kisa. Duk lokacin da mai bawul ta yi shiru ba dalili, tsaya da kaɗawa, duba wayar sifika tukuna.

Maɓallin Standby fa?

Maɓalli ne a mai bawul da ke riƙe sauti yayin da bawul ke ɗumama. Kunna babban makunni, bari bawul su ɗumama kamar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan ka buɗe shi. Yana da amfani a ɗan hutu ko lokacin sauya jita. Masu gyara sun daɗe suna gardama kan ko yana ƙara wa bawul kwana, kuma akwai sanannun amfilifayoyi irin su Fender Princeton Reverb da ba su da shi sam, suna aiki shekara da shekaru. Ni dai abin da zan ce, kada ka bar ta sa'o'i a kansa. Idan hutun ya yi tsawo, kashe ta gaba ɗaya.

An rubuta 120V a bayan tawa, wutar da nake da ita kuma 230 ce.

Kada ka gwada ko sau ɗaya. Kayan da aka yi don Amurka da Kanada bolt 120 suke ci, na Japan 100, na Turai da wurare da yawa 230. Adaftar da ke sauya siffar filogi ba ta sauya ƙarfin wuta. Taransifoma mai rage wuta kake bukata, wadda wat ɗinta ya ɗara abin da amfilifayar ke ja daga bango. Lura, wannan lambar daban take da wat ɗin sauti: mai bawul da ake kira mai wat 50 tana iya jan fiye da ninki biyu na haka, kuma an rubuta ainihin lambar kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wasu suna da mazaɓin bolt a baya, wasu na dijital kuma suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu. Karanta kafin ka yarda. Idan wutar wurin tana hawa da sauka, ko daga janareta take, sa na'urar daidaita wuta a tsakani, kuma kada amfilifayar ta kasance a kunne lokacin da ake tayar da injin.

Wani ya ce in cire haƙori na uku na filogi, ƙugi zai tafi.

Ƙugin yana iya tafiya, kai ma kana iya bin sa. Wannan haƙorin shi ne wayar ƙasa. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta cikin wayar jita. Idan wani abu ya lalace a ciki wuta ta taɓa ƙarfen, wayar ƙasa ce ke kwashe ta har fis ya ƙone. Idan babu ita, hanyar da ta rage wa wutar ita ce hannunka. Les Harvey, makaɗin jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Suwansi ta Birtaniya a 1972 bayan ya taɓa makirufon da wuta ke bi. Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds ya mutu a gidansa a 1976 yana kaɗa jitar da ba a haɗa wayar ƙasarta daidai ba. Idan ka taɓa jin leɓenka ya yi tsam a kan makirufo alhali hannunka na kan tsirkiya, ajiye jitar, a nemo mai gyaran wuta. Tsofaffin amfilifayoyi masu filogi mai haƙori biyu kuwa a kai su a sa musu mai uku.

To daga ina ƙugin yake, kuma yaya zan yi da shi?

Bi shi mataki mataki. Zare waya daga ramin shiga. Idan shiru ya samu, amfilifayar ba ta da laifi, matsalar tana gaba. Haɗa jitar kai tsaye ba feda, da wata wayar daban. Waya ce mai laifi fiye da kowa. Idan ƙugin na nan, juya jikinka a hankali da jitar a hannu. Idan yana ƙaruwa yana raguwa, maganaɗisun jitar, waɗanda aka naɗe da zare don ɗaukar sautin tsirkiya, su ne ke kamo wutar ɗakin, mai bugawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da kake. Jita mai naɗin zare guda, irin Stratocaster, haka halinta yake. Wannan matsalar ce ta sa Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera mai naɗi biyu da ke soke ƙugin juna, wanda ya fara fitowa a jikin jitocinsu a 1957. Nisanta daga amfilifayar, da cajar kwamfuta, da dogon ƙwan fitila, da makunnin rage haske. Wayar salula ma a cire ta daga kan akwatin.

Idan ƙugin na raguwa da ka taɓa tsirkiya, haka ya kamata. Idan ƙaruwa yake yi, akwai zaren da ya kwance ko aka juya a cikin jitar. Idan kuma sai ka haɗa na'ura biyu yake zuwa, misali amfilifaya da miksa, wato na'urar haɗa sautuka, gwada ba su wuta daga soket guda. In bai tafi ba, akwai ƙaramin akwati mai taransifomar raba sigina da aka yi don wannan.

Ina feda ke shiga? Menene Send da Return?

Waɗanda ke sa sauti kaushi, da mai sa sauti ya yi "wa-wa", da na saita tsirkiya, a gaba suke zama, tsakanin jita da ramin shiga. Masu maimaita sauti da masu amsa-kuwwa sun fi daɗi bayan an gama kausasa sautin. Idan daga amfilifayar kake samun kaushin, nan ramukan nan biyu ke aiki: Send ya tafi mashigar fedar, mafitarta ta dawo Return. Idan amfilifayar garau kake barin ta, jera komai a gaba ka huta. Wannan al'ada ce kawai, kunnenka ne alƙali. Abin da ba a wasa da shi shi ne wutar fedar. Yawancinsu bolt 9 suke ci, da tsakiyar jak a matsayin negatif (−), amma ba duka ba, kuma adaftar da ba daidai ba tana ƙona feda nan take.

Zan iya kai sautin ga miksa ko kwamfuta?

Ta ramin Line Out ko DI, i. Ta ramin sifika, har abada a'a. Wutar da ke wurin za ta ƙona mashigar miksar. Hanyar da aka fi bi tun da daɗewa ita ce a ajiye makirufo irin Shure SM57 dab da ragar sifikar. Kusa da tsakiya sautin ya fi kaifi, wajen gefe ya fi taushi, kuma matsar da shi da faɗin yatsa biyu yana sauya abu fiye da yadda za ka zata. Mai son ɗauka cikin shiru da mai bawul sai ya nemi akwatin da ke maye gurbin sifika ya shanye wutar. Ramin Line Out shi kaɗai ba ya ba ka izinin cire sifika.

Wat nawa ya ishe ni?

Ƙasa da yadda kake tsammani. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti. Sai ka ninka kamar sau goma kunne zai ce ƙara ta ninku. Mai wat 100 ba ta fi mai 50 da wani abin kirki ba, sai dai ta fi jimawa tana garau kafin ta fara kaushi. Vox AC30, mai wat 30, ta cika manyan zauruka. A ɗaki, mai bawul mai wat 5 ma tana iya hana maƙwabta barci. Kunne kuma ba a sauya shi kamar bawul: ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na sa'a 8, kuma sifikar jita tana wuce wannan da wat ɗaya tak.

In sa jitar bes mai kaurin sauti, ko in kunna waƙa daga wayar salula?

Bes a hankali ba komai, da ƙarfi kuwa sifikar jita ba ta jure wannan kai da komowa, musamman a akwati mai buɗaɗɗen baya. Waƙa ta ramin Aux idan akwai.

Yaushe ake sauya bawul?

Idan sun nuna alama. Ƙananan, irin 12AX7 da Turawa ke kira ECC83, sukan yi shekaru masu yawa. Manyan su ne ke gajiya: EL34 da aka san Marshall da su, 6L6 da 6V6 na Fender, EL84 na Vox. Alamun su ne ƙarfi ya ragu, sauti ya dushe, tartsatsi, ko fis na yawan ƙonewa. Ƙaramin bawul da ya lalace yakan yi fito ko ƙara kamar ƙararrawa. Ƙwanƙwasa shi a hankali da fensir, mai laifin zai amsa ta sifika fiye da 'yan'uwansa. Ɗan haske shuɗi a jikin gilashi ba matsala ba ne. Amma idan faffaɗan ƙarfen da ke cikin babban bawul ya yi jajawur kamar garwashi, kashe nan take. Idan kuma azurfar da ke saman gilashin ta koma fari kamar alli, iska ta shiga, ya mutu.

Ƙananan kana iya zarewa ka sa sabo bayan sun huce, kana lura da giɓin da ke tsakanin haƙoransu. Manyan ana sayen su ne a ma'aurata da aka auna suka yi daidai, kuma a amfilifayoyi da yawa sai an saita yawan wutar da ke ratsa su, abin da masu gyara ke kira bayas. Wasu, irin AC30, suna daidaita kansu.

Fis ya ƙone.

Zare filogi, sa irinsa sak: lamba ɗaya, nau'i ɗaya. Harafin T a jikinsa yana nufin mai jinkirin ƙonewa ne. Idan sabon ya sake ƙonewa, fis ɗin aikinsa yake yi, akwai ciwo a ciki. Mai sa babba, ko ya naɗe shi da zaren waya, ya mayar da taransifomarsa fis ke nan.

Idan na murɗa ƙara sai in ji ƙaras-ƙaras.

Datti ne. A kashe, murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe sau ashirin ko talatin, sau da yawa hakan ya isa. In bai isa ba, feshin wanke mahaɗar lantarki, ba man da ake fesa wa ƙarfe mai tsatsa ba. Ramukan Send da Return da ba a amfani da su ma sukan yi datti har sauti ya riƙa yankewa. Haɗa su da gajeriyar waya, idan matsalar ta tafi ka gano ta.

Zan iya buɗe ta in gyara da kaina?

Mai bawul tana aiki da bolt 300 zuwa 500, kuma kafasitocin da ke ciki, wato sassan da ke tara wuta, suna iya riƙe wannan wutar bayan an zare filogi. Wanda bai san yadda ake sauke su ya kuma auna ya tabbatar ba, iyakarsa fis da bawul da wayoyi. Su kafasitocin nan suna bushewa da shekaru, saboda haka amfilifayar da ta haura shekara 20 kuma take ƙugi ko ba a sa mata komai ba, lokacin ganin mai gyara ya yi. Wadda ta daɗe a ajiye ba a kunna ta ba ma gara shi ya fara tayar da ita, da wuta kaɗan kaɗan.

Ajiya da ɗauka fa?

Bar mata sarari a baya ta sha iska, kada ka jingina ta da bango ko ka ɗora mata tufafi tana aiki. Kofin ruwa ba ya hawa kanta. Bayan an tashi, ba ta 'yan mintoci ta huce kafin ka motsa ta, domin zaren cikin bawul ya fi rauni yana da zafi. A mota a tsaye ko a kwance a kan abu mai taushi, kuma ka kwashe feda da wayoyin da ka cusa a bayan kombo, su ne ke huda takardar sifika su fasa bawul a hanya. Danshi yana cin takardar sifika yana sa tsatsa, ƙura kuma tana riƙe zafi, don haka riga da busasshen wuri, a ɗan ɗaga ta daga ƙasa. Idan ta fito daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, jira raɓar da ta taru a jikinta ta bushe kafin ka kunna, kamar rabin sa'a.